Tsadar tikitin wasa: kuɗin faifan da muka daina biya ne ake karɓa a bakin ƙofa?

Abdulhadi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattauna wannan tsadar da tikitin wasan manyan mawaƙa ya yi. Mujallar Pollstar, wadda aikinta ke nan bin diddigin wannan kasuwa, ta nuna a 1996 matsakaicin tikitin manyan rangadi 100 bai wuce dala 26 ba. A 2019 ya kai wajen dala 96, a 2024 kuma ya haura dala 130. Hauhawar farashin kaya kaɗai ba za ta kai shi nan ba. Ni dai a ganina mu masu sauraro ne muka jawo. Tun da Napster, manhajar musayar waƙoƙi a intanet, ya bayyana a 1999 mutane suka saba da jin waƙa kyauta, cinikin faifai ya karye. Yau da ɗan kuɗin wata da bai kai na faifai ɗaya ba, mutum zai saurari waƙoƙi miliyoyi. To mawaƙin da me zai rayu? Dole ya nemi kuɗinsa a inda ba za a iya kwafa ba, wato kan dandamali. Abin da muka ƙi biya a faifai shi ake karɓa a bakin ƙofa.

Zainab:
Wa alaikumus salam. Yaya Abdulhadi, maganarka tana da daɗin ji amma ban gamsu ba. In da yunwa ce ke sa a tsauwala tikiti, ai da mawaƙan da ba sa samun komai a manhajar sauraron waƙa ta Spotify su ne za su fi tsada. Amma duba ka gani su wa ke sayar da tikiti mafi tsada: Taylor Swift, Beyoncé, Bruce Springsteen. Waɗannan kuma ba su ne waɗanda ba sa samu a sauraron intanet ba. Springsteen ya sayar wa Sony da tarin waƙoƙinsa a 2021 a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai wajen dala miliyan 500, shekara na zagayowa aka ga wasu kujerun wasansa sun haura dala 4,000. Wace asarar faifai yake mayarwa?

Abdulhadi:
To in ba wannan ba, me ya sa tashin ya zo daidai da lokacin da faifai ya faɗi? Haka kawai aka yi katari?

Malam Sabo:
Ku biyun kowa ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Akwai wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Princeton, marigayi Alan Krueger, wanda ya shugabanci majalisar masu ba Obama shawara kan tattalin arziki. Ya daɗe yana nazarin wannan. A wani jawabi da ya yi a 2013 ya ce daga 1981 zuwa 2012 farashin tikiti ya tashi da kusan kashi 400 cikin ɗari, alhali farashin kaya gaba ɗaya ya tashi da wajen kashi 150 ne.

Bayaninsa shi ne, a da wasan dandamali talla ne. Mawaƙi yana fita rangadi ne don a sayi sabon faifansa. Saboda haka da gangan yake sassauta tikiti, domin duk wanda ya shigo ya ji daɗi, gobe zai je ya sayi faifai, ya kuma gaya wa abokansa. Ribar tana can a kantin faifai. Da cinikin faifai ya mutu, sai dalilin sassautawar ya mutu tare da shi. Yanzu abin ya juye: waƙar da aka ɗauka a situdiyo ita ce tallar, wasan shi ne hajar.

Kin ga ke nan, Zainab, ba sai mawaƙi yana cikin matsi ba. Ko da biloniya ne, babu abin da zai ci idan ya sayar da kujera ƙasa da abin da mutane suka yarda su biya. Shi Krueger ya jingina wannan fahimta ga mawaƙi David Bowie, wanda tun a 2002 ya ce waƙa za ta zama kamar ruwan famfo ko wutar lantarki, ya kuma shawarci mawaƙa su shirya wa yawan rangadi.

Zainab:
Wannan na yarda da shi, Malam. Amma ka ga ya bambanta da cewa laifinmu ne. Ba ramuwa suke yi ba, damar da suka samu ce suke amfani da ita.

Maman Nabila:
Ni abin da ya fi ƙona min rai ba ku ma taɓo shi ba tukuna. Kuna ta maganar mawaƙi da mai sauraro kamar su biyu ne kawai a kasuwar. Akwai na uku a tsakiya, kuma shi ne ya fi su ƙarfi. A 2010 gwamnatin Amurka ta bari kamfanin Live Nation, mai shirya wasanni, ya haɗe da Ticketmaster, mai sayar da tikiti. Kamfani ɗaya ya zama shi ne mai shirya wasan, shi ne mai zauren a wurare da yawa, shi ne mai sayar da tikitin, wani lokaci ma shi ne manajan mawaƙin. A watan Mayun 2024 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka tare da jihohi da dama suka kai shi kotu bisa zargin babakere. A takardar ƙarar sun ce Ticketmaster na riƙe da wajen kashi 80 cikin ɗari na sayar da tikiti a manyan wuraren wasa, kuma Live Nation na da iko da wuraren wasa sama da 265 a Arewacin Amurka.

Sai kuma cajin da ake ɗorawa a kan tikitin. Ofishin binciken kuɗi na gwamnatin Amurka ya duba a 2018, ya ce a matsakaici cajin ya kai kashi 27 cikin ɗari na farashin tikitin. Kuɗin hidima, kuɗin zaure, kuɗin sarrafa oda, kuma a lokacin ba ka ganinsu sai ka zo biya. Wannan me ya haɗa shi da mutuwar faifai?

Malam Sabo:
Ƙorafin ma ya girmi Napster. Tun 1994 ƙungiyar Pearl Jam ta kai kukan Ticketmaster gaban Ma'aikatar Shari'a. Su so suke tikitinsu ya tsaya a dala 18, cajin kuma kada ya wuce dala 1.80. Suka yi ƙoƙarin yin rangadi a wuraren da ba na kamfanin ba, suka sha wahala, a 1995 aka rufe binciken ba tare da an yi komai ba.

Yusha'u:
Bari in zo da wadda ba za a so ba. Hajiya Maman Nabila, ko da an wargaza kamfanin gobe, tikitin Taylor Swift ba zai yi araha ba. Matsalar lissafi ce. A watan Nuwamban 2022 da aka buɗe sayar da tikitin rangadinta a Amurka, farashin da aka rubuta daga dala 49 ne zuwa 449. An sayar da sama da miliyan 2 a rana ɗaya, shafin ya durƙushe, aka soke sayarwar gama-gari, har wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna a kai a Janairun 2023. Bayan haka a shafukan sake sayarwa tikitin ya koma dubban daloli. Ma'ana ta sayar ƙasa da abin da mutane za su iya biya, sai 'yan kayi-nayi suka kwashe bambancin. Mutumin da bai rera komai ba, bai ɗauki ko lasifika ba, shi ya ci ribar. In dai dole wani ya karɓi wannan kuɗin, gara mai waƙar ya karɓa. Ta yi wasa 149, ta tara sama da dala biliyan 2, kuma duk da haka miliyoyi ba su samu shiga ba. Filin wasa kujerunsa ƙidayayyu ne.

Maman Nabila:
"In dai dole" ɗin nan ne ban yarda da shi ba, ƙanena. Wa ya ce dole ne? A 2023 Robert Smith na ƙungiyar The Cure ya ƙi yarda da farashi mai hawa da sauka gwargwadon yawan masu nema, ya ƙi kujerun da ake kira na musamman, ya sa wasu tikitin a dala 20, kuma ya hana a sake sayar da su sama da farashinsu a duk inda doka ta ba shi dama. Da masoya suka nuna masa cewa a wasu wuraren cajin ya fi tikitin kansa yawa, sai ya fito fili ya yi magana, Ticketmaster ya mayar wa mutane dala 10 ko dala 5 a kowane tikiti. Kuma bai yi asara ba, wannan rangadin ne ya fi kowanne kawo musu kuɗi a tarihinsu. To in mutum ɗaya ya iya, sauran zaɓi suka yi. Kada a ce mana kasuwa ce ta yi. Farashi ba ya sauka daga sama, mawaƙi da manajansa da mai shirya wasa ne ke zama su yanke.

Yusha'u:
Na yarda zaɓi ne. Amma shi tsoho ne mai masoya na shekara 40, yana iya yin taurin kai. Kuma araha ba ta ƙara kujera ko ɗaya. Wanda ya rasa saboda tsada da wanda ya rasa saboda layi, duk a waje suka kwana.

Zainab:
Ba ɗaya ba ne, Yusha'u. A layi kowa yana da rabo, ɗalibi da mai kuɗi. A gwanjo kuwa tun kafin a fara an san wanda zai shiga. Kuma matasan da ake tacewa a bari a waje su ne suka ɗaukaka mawaƙin tun ba a san shi ba.

Sannan akwai yaudara a yadda ake yi. Ku tuna abin da ya faru da ƙungiyar Oasis ta Birtaniya a ƙarshen Agustan 2024. Mutane sun yi awanni a layin intanet suna jiran tikitin tsayuwa na wajen fam 148, da layi ya zo kansu sai suka tarar da fam 355, ga 'yan mintuna kaɗan da aka ba su su yanke shawara. Hukumar kula da gasa a kasuwa ta Birtaniya ta buɗe bincike. Abin da ta gano shi ne an kasa tikitin tsayuwar kashi biyu, aka fara sayar da mai arahar, da ya ƙare aka fito da mai tsadar, ba tare da an sanar da waɗanda ke layi ba. Wuri ɗaya, tsayuwa ɗaya. Mutumin da ya gaji da jira, yana tsoron rasawa, zai biya abin da ba zai taɓa biya ba in yana cikin natsuwa. Su kansu Oasis da suka zo rangadin Arewacin Amurka sai suka ce ba za a yi amfani da farashi mai hawa da sauka ba.

Kabiru:
Ina ta karantawa, ga shi duk misalanku na mutanen da ke cika filin ƙwallo ne. Ni aikina sauti ne, ina bin mawaƙa rangadi, kuma waɗanda nake bi ba su ne waɗannan ba. Ku bar ni in gaya muku yadda abin yake a ƙasa.

Ana cewa mawaƙi ya je ya nemi kuɗinsa a dandamali. Ga matsakaicin mawaƙi dandamalin ma ya daina biya. Bayan korona komai ya tashi lokaci guda: hayar bas, mai, ɗakin otal, inshora, jigilar kaya. Ƙwararrun ma'aikata da yawa sun bar sana'ar a watannin da aka rufe wurare, waɗanda suka rage suka yi tsada. Kowa kuma ya fito rangadi a lokaci ɗaya, ana rububin zaure da motoci. A wasu zaurukan, ko rigar da mawaƙi ya buga da kuɗinsa ya kawo ya sayar, sai an cire wa mai zaure kaso, har kashi 20 ko 25. Ga biza: a Afrilun 2024 Amurka ta ɗaga kuɗin takardar neman izinin wasa ga baƙin mawaƙa daga dala 460 zuwa abin da zai iya haura dala 1,600. Mawaƙan Birtaniya kuma tun ficewarsu daga Tarayyar Turai sai da takardun kwastan na kayan kiɗa kafin su tsallaka.

Mawaƙiya Little Simz ta ci kyautar waƙa ta Birtaniya, wato Brit, a farkon 2022, wata biyu bayan nan ta soke rangadinta na Amurka, ta ce a matsayinta na mai cin gashin kanta, da kuɗin aljihunta take biya, kuma in ta je gibi za ta dawo da shi. A shekarar Santigold ma ta soke nata, Animal Collective suka soke na Turai. Waɗannan ba sababbin shiga ba ne. Irin su ba za su iya ɗaga tikiti ba, domin da sun ɗaga zauren zai zama wayam. Kuma wanda ya kashe dala 400 a dare ɗaya wajen babban tauraro, ba shi da sauran na zuwa ƙananan wasanni biyar a wannan shekarar. Tsadar sama tana shanye kasuwar ƙasa.

Abdulhadi:
Injiniya, wannan ya dawo da ni kan faifan. Akwai abin da ya ɗaure min kai. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin faifai ta duniya, IFPI, sun nuna kasuwar ta faɗo daga sama da dala biliyan 20 a 1999 zuwa ƙasa da biliyan 15 a 2014, amma a 2024 ta kai biliyan 29.6, kuma kashi 69 cikin ɗari daga sauraron intanet ne. Spotify kaɗai ya ce ya biya dala biliyan 10 a 2024. Kuɗin ya dawo ke nan. To ina yake shiga da har mawaƙanka ba sa ganinsa?

Hadiza:
Bari in amsa wannan, Yaya. Da farko dala biliyan 29 ta yau ba ta kai darajar biliyan 20 da wani abu ta 1999 ba. Amma babban abin shi ne yadda ake rabon.

Spotify ba ya biyan mawaƙi kai tsaye, kuma ba shi da tsayayyen farashi na kowane sauraro. Yana haɗa kuɗin kowace ƙasa na wata a wuri ɗaya, ya riƙe wajen kashi ɗaya cikin uku, sauran ya raba wa masu haƙƙin mallaka gwargwadon kason da kowa ya samu a jimillar sauraro. Saboda haka ko da wata guda ka yi kana jin mawaƙi ɗaya tilo wanda ba a sani ba, mafi yawan kuɗinka wurin waɗanda suka fi yawan sauraro zai tafi. In aka raba, abin da ke faɗowa a kowane sauraro bai kai santi ɗaya ba, ana kiyasta shi tsakanin kashi uku zuwa biyar cikin goma na santi. Sauraro miliyan ɗaya, dala 3,000 zuwa 5,000 ke nan.

Kuma wannan ɗin ba na mawaƙi ba ne tukuna. Na mai haƙƙin mallaka ne, wanda galibi babban kamfanin faifai ne, Universal ko Sony ko Warner. Su za su ba mawaƙi kasonsa bisa kwantiragi, bayan sun cire bashin da suke binsa na kuɗin somin-taɓi da na ɗaukar waƙa da talla. Wasu tsofaffin kwantiragin tun zamanin da ake buga faifai a kai shi kanti da mota aka rubuta su, yanzu babu bugawa babu mota, kason bai canza ba. Kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya binciki wannan a 2021, ya ce tsarin na buƙatar a sake shi daga tushe. Sannan daga 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba, Spotify ba ya biyan ta komai a ɓangaren faifai. Ga sababbin waƙoƙi sama da 100,000 da ake ɗorawa kullum, kuma duk suna gasa da waƙoƙin shekara 50 da suka wuce, waɗanda a da an saya an gama.

Malam Sabo:
Shi ya sa kamfanonin faifai suka miƙa hannu cikin kuɗin wasa. Kwantiragin da ake kira 360, kamfani yana da kaso a rangadi, da riguna, da talla. Masu shirya wasa su ma suka biyo ta ɗaya ɓangaren: a 2007 Madonna ta bar Warner ta sa hannu da Live Nation a kan wajen dala miliyan 120, Jay-Z ya bi a 2008. Wanda ya zuba irin wannan kuɗin tun kafin a kunna fitila, a tikiti zai fanshe.

Yusha'u:
To yanzu me kuke so a yi? Doka ta ƙayyade farashi? Ni ban taɓa ganin inda hakan ya yi aiki ba.

Maman Nabila:
Ba wanda ya ce a ƙayyade abin da mawaƙi zai sa. Amma a rufe hujjar da kake kafawa da ita. Ireland ta yi doka a 2021 da ta hana sayar da tikiti sama da farashinsa na asali a manyan wuraren da aka ayyana. In babu ribar sake sayarwa, babu dalilin cewa "in ban karɓa ba wani zai karɓa". Amurka tana da dokar hana manhajojin da ke wawure tikiti tun 2016, sai dai da wuya ake hukunta kowa da ita. Daga Mayun 2025 kuma a Amurkar an tilasta wa masu sayarwa su nuna cikakken farashi tun farko, har da caji. Wannan bai rage ko santi ba, amma aƙalla mutum ya san abin da zai shiga.

Kabiru:
Duk wannan zai taimaki mai saye, ban ƙi ba. Ni damuwata ƙananan zauruka ne, inda kowane babban tauraro ya koyi tsayuwa a gaban mutane. Ƙungiyar Music Venue Trust ta ce a 2023 kaɗai irin waɗannan wurare 125 ne a Birtaniya suka rufe ko suka daina wasan kai tsaye, a shekarar da manyan rangadi ke kafa tarihin samun kuɗi. Suna neman a cire fam 1 daga kowane tikitin babban zaure da filin wasa a tallafa wa na ƙasa. Coldplay sun yi alƙawarin ba su kashi 10 cikin ɗari na abin da suka samu a wasanninsu na Wembley da Hull a 2025. Faransa kuwa ta daɗe da mayar da shi doka: harajin kashi 3.5 cikin ɗari a kan tikiti, yana shiga asusun cibiyar kiɗa ta ƙasa, ana mayar da shi ga masu shirya wasanni da zauruka.

Yusha'u:
Kuma a kan wa za a ɗora fam ɗayan? A kanmu. Faransar da ka ambata, da ta sa harajin kashi 1.2 a kan manhajojin sauraro a 2024, ai Spotify ƙara wa Faransawa kuɗin wata ya yi.

Kabiru:
Haka aka yi, kuma na san a kan mai saye zai ƙare. Amma a tikitin fam 150 da aka riga aka ɗora masa cajin fam 20 ko fiye, wannan fam ɗin ne kaɗai zan iya gaya maka inda ya tafi. Tambayar da nake da ita ga Hadiza ita ce, tsarin nan da manhajar sauraro ta SoundCloud ta fara a 2021, inda kuɗin kowane mai sauraro ke zuwa ga waɗanda shi ya saurara kawai, in aka yi shi a ko'ina zai canza wa mawaƙana wani abu?

Hadiza:
Zai canza, amma ba sosai ba. Cibiyar kiɗan ta Faransa ta yi nazari a kai a 2021, ta ga manyan goma na sama za su yi asara mai ɗan yawa, na tsakiya su ɗan ƙaru, na can ƙasa kuma abin da zai ƙaru musu 'yan yuro kaɗan ne a shekara. Tsarin yana sauya yadda ake yanka kuɗin ne, ba ya ƙara yawansu. Kuma kafin ya iso hannun mawaƙinka sai ya bi ta kwantiragin da ya sa wa hannu. Ka fara duba min wannan: cikinsu nawa ne suka mallaki waƙoƙinsu da kansu, nawa ne kuma har yanzu kamfani ke bin su bashi?